Lambar da Na Goge a Jikin Bindigar Babanmu

A shekarun da zan ba ku labarinsu ni mahauci ne a Garwa, mai tebur a babbar kasuwa, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, mai zuciyar da ko ni kaina ba na iya mata. Zamanin shugaban ƙasarmu na farko ne, ɗan garin nan, lokacin da in hular jandarma, ɗan sandan soja, ta leƙo layin mahauta kowa sai ya rage murya, har mai gaskiya. Ban yi boko ba, ko sunana ba na iya karantawa a jikin katin shaida, kuma ban ɗauki hakan a bakin komai ba tunda wuƙata na ciyar da gidana. Ina rubuto muku ne yanzu da gemu ya yi fari, saboda akwai abin da na yi wa ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗanda suka san zancen a unguwarmu sun sani, yawancinsu ma sun riga mu gidan gaskiya.

Babanmu ɗan kasuwar shanu ne, yana sayowa daga ƙauyukan wajen iyakar Cadi ya koro su da ƙafa har Garwa. Saboda kuraye da ɓarayin hanya, tun zamanin Faransa ya samu izinin riƙe bindiga, mai baki biyu, irin ta farauta. Duk unguwa an san ta. Gindinta ya taɓa tsagewa, Baba ya zura masa ɗanyar fatar wutsiyar sa, ta bushe ta kama shi gam, ga kuma wata 'yar laya ja da Inna ta ɗinka ta ɗaura kusa da kunama. Shekara tara ina bin Baba a hanyar shanu, ni ke saɓa ta, ni ke shafa mata mai, ni na san yadda take naushin kafaɗa in ba a matse ta da kyau ba. Ƙanena kuwa lekol aka sa shi, wato makarantar boko, kuma in Baba ya harba ta ranar sallah toshe kunne yake ya shige ɗakin Inna. Ya gama karatu ya samu aikin akawu a wani ofishin 'yan auduga. Wallahi ban taɓa ƙyashin aikinsa ba, ko kekensa, ko farar rigarsa. A raina an gama rabo tun tuni, shi alƙalami, ni bindigar Baba.

Da Baba ya rasu, malamin da ya raba gado ya sa bindigar a kasona, babu wanda ya ce uffan, ƙanena ma shi ya miƙo mini ita da hannu biyu. Kwana uku kacal ta yi a ɗakina. Sai ga jawro, wato mai unguwarmu, da takarda daga ofishin su-firefe, jami'in mulkin gundumarmu, cewa bindigar mamaci ba ta zama a gida, a kai ta ofis a ajiye har sai wani cikin magada ya samu farmi, wato izinin riƙe ta, da sunansa. A nan na fara jin cewa a wurin gwamnati ba a gadon bindiga yadda ake gadon tukunya ko saniya. Izinin na mutum ɗaya ne, in ya mutu ya mutu da abinsa. Wanda ke so sai ya rubuta takardar roƙo ya manna mata tambur, wato kan sarki, ya haɗa da hotuna huɗu, da katin shaida, da shaidar yana biyan haraji, da wata takarda daga kotu da ake kira kaziye, wadda ke nuna ko an taɓa ɗaure mutum. Bayan nan jandarmomi su bi unguwa suna tambayar halinsa, sannan a tura takardun sama, a zauna jira.

Kaziyen nan shi ya kashe ni. Ina saurayi mun taɓa yin faɗa a kwata da wani a kan wa zai riga yanka, na tsaga masa dantse, na yi wata uku a gidan kaso. Mun daɗe da shiryawa da mutumin, har sunan 'ya'yansa ni ke yanka ragon, amma takarda ba ta san an shirya ba. Aka dawo mini da takarduna ko duba sauran ba a yi ba. Aka kuma ce in wa'adi ya cika babu magajin da ya samu izini, bindiga ta zama ta gwamnati. Inna ce ta ce wa ƙanena ya nema, kada kayan mahaifinmu ya ɓace a ofis, ni ma da bakina na ce ya nema. Na ɗauka aron suna kawai zai ba ni, takarda tasa, bindiga tawa. Ranar da jandarmomi suka zo binciken halinsa ina zaure ina jin maƙwabta na zuba masa yabo, wai ba a taɓa jin kansa da kowa ba, wai ko tuntuɓe ya yi da dutse sai ya ba shi haƙuri. Wani tsoho har ya ƙara da cewa ba kamar wani ba, ya waiwayo ya gan ni, ya kama tari.

Bayan wata bakwai farmi ya fito. Ƙanena ya ɗauko bindigar ɗaure a kan keke, na fito ƙofar gida ina miƙa hannu, sai ya sunkuyar da kai ya ce mini an karanta masa doka kafin a ba shi. Ba a ba da aronta, ba a ajiye ta a ɗakin wani ko da uba ne, in aka same ta a hannun wanda ba sunansa ke kan farmi ba mu duka biyu za a kama. Ya ce in yi haƙuri tukuna. Ya wuce sashensa ya sa ta a akwatin ƙarfen Baba ya kulle, ni kuwa hannuna na nan a miƙe har ya shige.

Daga ranar na kamu da hassada, gara in kira ta da sunanta. Gida ɗaya muke, zana ce kawai tsakanin sashena da nasa. Duk ran Lahadi in ya fito da ita yana shafa mata mai, ina jin ƙarar buɗe ta daga inda nake zaune, sai abincin bakina ya koma kamar ƙasa. Ina leƙe ta ramin zana, ni da gemuna, ina ganin yadda yake riƙe ta a karkace ina tsaki. Mutanen da a da ba sa ganinsa suka fara ce masa magajin Baba. Manyan ofis suka fara gayyatarsa farauta a dajin bakin Binuwai, don ya je ya yanki takardar farauta, wadda ita ma daban take, harsashi ma sai ya nuna izini ake sayar masa. Komai nasa a kan ƙa'ida, kuma ƙa'idar ce ta fi ƙona mini rai, don ban samu inda zan kama shi ba. Na daina cin abinci kwano ɗaya da shi. Matata ta ce mini wannan abin da nake yi ba ya kama da ni, na ce ta kula da tukunyarta.

Ƙanena ya sha samuna a zaure ya durƙusa ya fara da cewa, Yaya, game da bindigar Baba. Kafin ya ƙarasa sai in miƙe in kaɗe riga in fita, don a ganina wata dokar ce kuma zai karanta mini. Wata rana ya biyo ni kasuwa ya ce in na tashi mu biya wurin mai hoto na bakin tasha. Na ce masa a gaban mutane in hoto yake so ya saɓa bindigarsa ya je a ɗauke shi, ni fuskata ta jini ce da kitse, ba ta shiga takardar 'yan boko. Aka yi dariya, ya yi murmushin yaƙe ya tura kekensa ya tafi. Dariyar nan ta yi mini daɗi har kwana biyu.

Abin da ya ƙarasa ni wani gwanki ne. Ƙanena ya harbo shi, na farkonsa ke nan, aka yanka a daji aka kawo a motar ofis. Maimakon ya kira kowane mahauci, sai ya sa aka sauke a gabana a kwata, ya ce yayansa ne zai feɗe, kuma cinya da hanta nawa ne, na babba. Yau na san girmamawa ce. A ranar kuwa abin da ya shiga kunnena shi ne bakin abokan sana'ata. Wani ya ce duniya ke nan, ɗan lekol na harbi, mai gadon bindiga na fiɗa. Wani ya ce ai an raba gado daidai, ɗaya ya samu bindiga, ɗaya ya samu wuƙar da dama tasa ce. Wasa suke, irin wanda muke yi kullum, ni ma na yi wa wasu wanda ya fi shi ciwo. Amma ina fiɗa na ga ramin harsashin a bayan kafaɗa, daidai inda Baba ya koya mini a sa, na gane ashe ya iya. Da kuskure ya yi da na samu abin da zan riƙe. Naman ban kai gida ba, na rarraba wa maƙwabtan tebur.

Sati biyu bayan haka aka yi shela a rediyo da ta bakin masu unguwa, cewa duk mai bindiga ya kai ta ofishin su-firefe ranar Litinin ta sama tare da farminsa, a duba a sa hannu, kamar yadda akan yi lokaci-lokaci. Akwatin Baba makullansa biyu ne. Ɗaya na wurin ƙanena, ɗayan kuwa yana aljihun rigar Baba ranar da ya rasu, ni na cire na adana ban faɗa wa kowa ba. Ranar Laraba da hantsi, matan gida sun tafi suna, ƙanena na ofis, na baro tebur na ce ciki ke damuna. Na buɗe akwatin na ɗauke ta na mayar da kwaɗo. Na naɗe ta a buhu na kai rumfar da nake tara fatu a bayan kwata, na cusa ta tsakiyar fatun shanun da muke barbaɗa wa gishiri kafin 'yan fata na Maruwa su zo saye. In kun tambaye ni me na shirya, ban shirya komai ba. So nake ya je ofis hannu rabbana, a yi masa tsawa a gaban manyan da yake farauta da su, a karɓe farmin, a daina ce masa magajin Baba. Iyakar tunanina ke nan.

Ranar Asabar da safe sai ga shi a kwata, bakin farin wandonsa na jan jini a ƙasa bai kula ba. Ya jira har na sallami wani mai saye, sannan ya matso ya rage murya.

"Yaya, akwatin Baba ya yi sauƙi. Jibi ne za a duba."

"Mai farmi ai shi ya san inda kayansa suke," na ce, ina wasa wuƙa.

Ya tsaya yana kallon hannuna, sannan ya ce gobe Lahadi zai kai iyalinsa cin kasuwar Pitowa, sashensa ba kowa har la'asar, akwatin kuma na nan inda yake. Hanya ya ba ni in mayar ba tare da kowa ya ji kunya ba, kuma na gane sarai. Na wuni Lahadin nan a zaure ina kallon ƙofarsa, ban mayar ba. Abin da ban sani ba shi ne doka ta ce wanda bindigarsa ta ɓata ya garzaya ya sanar nan take. Shi ya sani. Bai sanar ba, don tunda ba a fasa kwaɗo ba, tambayar farko da za a yi masa ita ce wa ke da makulli.

Litinin ya tafi da farmi a aljihu, bai dawo ba. Tsawar da nake jira ba a yi ta ba, ko murya ba a ɗaga ba, aka dai miƙa shi birgad, wato ofishin jandarmomi. A wancan zamani ƙasa ba ta daɗe da fita daga tashin hankalin kudu ba, ga iyaka gabas ga iyaka yamma, bindigar da ta ɓace ba a sanar ba gwamnati ba ta ɗauke ta ɓatacciya, sayar da ita aka yi har sai an ga akasin haka. Suka zo suka birkice gidanmu, har rumbun Inna, har ƙarƙashin gadona, amma rumfar fatu ta bayan kwata ba wanda ya tuna da ita. Suka yi ta tambayarsa wa ya sayar wa. Matarsa da ke kai masa abinci ta ce fuskarsa ta kumbura, amsarsa kuma ɗaya ce, bai sani ba. Ni kuwa tsoro ya zo ya zauna kusa da hassadar. In na fito da ita, ni mai tsohon tabo a kaziye, shekaru zan yi. Kullum sai in ce gobe. Ina raka matarsa har ƙofar birgad, ina karɓar jaje a zaure tare da dattawa, ina amsa amin in suka ce Allah ya tona asirin ɓarawon.

Damina ta sauka, kwana arba'in suka wuce, aka mayar da shi gidan kaso jiran shari'a. Tun ranar da aka kama shi Inna ta daina cin naman da nake aika mata. Sai dai in tarar da shi a ƙofar ɗakina cikin ganyensa, yadda na ƙulle shi. Ran nan na kai mata da kaina, na tambaye ta ko ba ta da lafiya ne. Tana gyaran yakuwa a faifai, ba ta ɗago ba.

"Makullan akwatin nan biyu ne," ta ce. "Ni na murza musu igiya, ja da baƙa. Mai ja, na ƙanenka, yana birgad. Ban tambaye ka komai ba."

Ba ta zage ni ba, ba ta yi mini baki ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Na fita na nufi kwata.

'Yan fata ba su zo ba saboda ruwa ya ɓata hanya, fatun na nan jibge, gishiri ya sha laimar damina yana ɗiga. Da na zaro buhun na buɗe sai da na zauna a ƙasa. Bindigar da shekara tara ban bari ƙura ta kwana a kanta ba ta yi jawur da tsatsa kamar tsohuwar fartanya. Fatar gindin da layar Inna ne kawai suke nan yadda na san su. Na ce ba zan kai kayan Baba gaban hukuma a haka ba. Na yi mata abin da na iya, abin da nake yi wa wuƙa da gatari in sun yi tsatsa, lemun tsami da toka, sannan yashi, inda ta ci da zurfi na sa magagari, na bi da dutsen wasa wuƙa. Wuni biyu ina yi. A ƙarƙashinta, wurin da take karyewa a sa harsashi, akwai wasu ƙananan zane-zane da na saba gani tun ina bin Baba, waɗanda na ɗauka adon maƙeran Turai ne. A nan tsatsar ta fi taruwa, don haka a nan na fi dagewa, har wurin ya yi sumul yana ɗaukar ido. Na shafa mata mai na ɗaga ta a rana, har wani alfahari na ji, Allah ya yafe mini.

Na gaya wa sarkin fawa da jawro cewa bindigar na wurina. Ban faɗa musu yadda ta zo ba, su ma ba su tambaya ba, suka dai raka ni birgad da ita naɗe a tabarma. Ina tafe ina ganin yadda ƙanena zai fito kafin azahar. Kwamandan ɗan kudu ne, ba ya jin Hausa ko Fillanci, wani jandarma ke yi mana tafinta. Ya ɗauko farmin ƙanena, ya karya bindigar ya juya ta, ya kai ta bakin taga ya daɗe yana dubawa. Sai ya tambaya ina lambar. Na ce wace lamba, ai lamba na jikin takarda. Tafinta ya sa yatsa a wurin da na goge, ya ce lambar da ke takarda ita aka buga a nan, da ita kaɗai gwamnati ta san wannan bindiga, ga shi yanzu biyun farko ne kawai suka rage da rabin ta uku. Na nuna musu fatar wutsiya, na nuna layar, na ce a kira duk unguwa, babu wanda ba zai rantse ta Baba ce ba. Jawro ya ce shi ma shaida ne. Kwamandan ya ɗaga farmin ya faɗi wata magana gajera, tafinta ya juyo ya ce wai a nuna masa inda aka rubuta laya a ciki.

Nan na gane ƙara kaya na zo yi, ba ragewa ba. Bindigar ƙanena har yanzu ɓatacciya ce a wurinsu, ga kuma wata a kan tebur da aka kankare wa lamba, abin da masu fasa-ƙwaurin makamai ke yi. Ba a saki kowa ba, ni ma aka ce in cire hula da takalmi, aka kulle ni. Da suka tambaye ni yadda ta zo hannuna na yi ta kame-kame, suka gaji suka ce sai a gaban alƙali.

Ranar shari'a na fara ganinsa bayan wata uku. Ya rame, haƙorinsa ɗaya na gaba babu. Shaidar sarkin fawa da jawro da wasu dattawa ta sa alƙali ya yarda bindiga ɗaya ce, ba a sayar wa kowa ba, jahilci ne kuma ya goge lambar. Saura tambaya ɗaya, yadda aka yi ta bar akwati. In sata ce, da tsohon tabona a kai, an gaya mini kada in sa ran ganin 'ya'yana sai sun girma. Ina cikin neman abin faɗa ƙanena ya riga ni. Da Faransanci ya yi magana, sai da tafinta ya juya na ji abin da ya ce, wai shi da hannunsa ya ba ni ajiya don a gadonmu tawa ce, ya san doka ta hana, ya yi, tsoro ne ya hana shi faɗa. Alƙali ya juyo ya tambaye ni ko haka ne. Ƙanena bai kalle ni ba, ƙasa yake kallo. Na tuna 'ya'yana, na ce haka ne. Ɗaukar bindigar nakan ce aikin shaiɗan ne, goge ta kuma jahilci. Wannan haka ne ɗin da na faɗa a gaban alƙali ban samo masa uzuri ba har yau.

Aka yanke mini shekara ɗaya, shi wata takwas, aka soke farmi, aka ƙwace bindiga, ban san inda ta ƙare ba. Ɗaki ɗaya aka sa mu. In matarsa ta kawo abinci sai ya raba biyu ya turo mini rabin da ya fi nama, bai taɓa tayar da zancen ba. Kuma don ku san irin ciwon da nake ba ku labarinsa, har a can ban warke ba. 'Yan kaso suka gano ya iya rubutu, suka riƙa kewaye shi yana rubuta musu wasiƙu da ƙorafi zuwa kotu, suna ce masa Malam, har masu gadi na gaishe shi. Ina kwance a kan tabarma, da abincinsa a cikina, ina jin haushin yadda ake girmama shi. Ranar da na kama kaina a haka na juya fuska bango na yi kuka, karo na farko tun rasuwar Baba.

Inna ta rasu saura wata biyu in fito, ba ta sake cin naman hannuna ba. Ni da na fito teburina na jirana, mahauta ba sa tambayar kaziye. Shi kuwa ofis ba ya mayar da wanda aka ɗaure. Ya nemi aiki ko'ina a Garwa, irin takardar kotun da ta hana ni bindiga ta hana shi kujera. Daga ƙarshe ya haɗa kayansa zuwa Kayele, inda wani abokin karatunsa ya samar masa benci a gindin darbejiya a bakin ofishin su-firefe, yana rubuta wa mutane takardun roƙo, har da na masu neman farmin bindiga.

Ranar da za su tashi, matarsa, wadda tun shari'a ba ta gaishe ni ba, ta biyo ta kasuwa ta ajiye wata ambulan a kan teburina, kan jinin da komai, ta wuce. Na miƙa wa wani mai sayen nama a wurina, Kirista ɗan duwatsun arewa mai kawo gyaɗa kasuwa, wanda ya yi lekol. Ya karanta ya fassara mini da Hausa a hankali. Takarda ta farko daga kotu take, amsar tambayar da ƙanena ya shigar a kaina tun shekarar da ya karɓi farmi, cewa shekarun da doka ke nema sun cika ban sake laifi ba, in na bayyana na dangwala yatsa za a wanke tsohon tabon daga kaziyena. Ta biyu roƙo ce zuwa ga firefe, shugaban su-firefe, a mayar da bindiga mai lamba kaza daga sunansa zuwa sunan yayansa, magajinta na gaskiya. Ya sa hannu, ya manna tambur. Abin da ya rage hotuna huɗu ne da yatsana. Mutumin ya duba kwanan watan ya faɗa mini, na lissafa, satin da ya biyo ni kasuwa da zancen mai hoto ne. Ya tambaye ni ko lafiya, don ya ga na riƙe gefen tebur.

Shekara biyu na yi kafin in iya shiga motar Kayele. Na same shi a bencinsa da tabarau a ido, manoman auduga na layi a gabansa. Ya tashi ya karɓi jakata ya durƙusa ya gaishe ni kamar jiya muka rabu. Bayan mun ci abinci na ciro ambulan ɗin na ajiye tsakaninmu, na roƙe shi gafara, ya ce ya daɗe da yafewa. Sai tsohon halina ya motsa, na ce amma me ya hana shi gaya mini tun farko, ai da duk wannan bai faru ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Sau uku na fara, Yaya. Sau uku ka tashi."

Ya mayar da tabaraunsa a ido. Mun ci gaba da zumunci har Allah ya yi masa rasuwa, ina aika masa kilishi, yana aiko wa 'ya'yana littattafai, amma Garwa bai sake kwana a cikinta ba.

Bayan dawowata na shiga ajin manya na bayan la'asar, kuma abin da na fara cewa a koya mini lambobi ne. Don haka ina jan kunnen duk wanda bindiga ta faɗo masa a gado ko yake riƙe da ita. Ba taka ba ce sai sunanka ya hau takarda, ko da malamai goma ne suka raba gadon. Kada ka ara, kada ka ba da aro, in ta ɓata ka sanar a ranar, ƙananan zane-zanen jikinta kuma ka ƙyale su yadda ka gan su. Amma ba zan ɗora wa doka ba, don ba ita ta zubar wa ƙanena haƙori ba, ba ita ta raba shi da aikinsa da garinsu ba. Ni ne, da hassadar da ta sa ya kawo mini cinya na ga zagi, ya kawo mini hanya na ga fariya. Wanda duk ke jin irin wannan abu a ransa game da ɗan'uwansa, ya ji tsoron Allah, ya ji tsoron kansa. In ya zo ya durƙusa a gabanka ya fara magana a kan abin da ke cin ranka, danne zuciya ka zauna ya ƙarasa. Ni da na zauna minti biyar a zauren nan, da hoto kawai za a ɗauke ni.